Wa Ya Gaji Sunan Washington?

A ƙidayar jama'ar da aka yi a Amurka cikin shekarar 2000, an sami mutum 163,036 masu amsa sunan zuriya Washington. Ba yawansu ne ya ɗaure wa masu nazarin alƙaluman kai ba, domin sunaye sama da ɗari sun fi wannan yawa. Launin masu sunan ne ya tsayar da su. A kowane mutum goma, tara baƙar fata ne. Turawa ba su wuce kashi 5 cikin ɗari ba. A jerin sunaye dubu da suka fi yawa a ƙasar, babu ko ɗaya da baƙar fata suka mamaye kamar wannan. Da aka sake ƙidaya a 2010, adadin ya haura 177,000, rabon kuwa yana nan kusan yadda yake.

Da walakin, goro a miya. George Washington, shugaban Amurka na farko, wanda hotonsa ke kan takardar dala ɗaya, Bature ne jinin Ingila, mai gandayen taba a jihar Virginia, kuma mai bayi tun yana ɗan shekara 11, lokacin da ya gaji mutum goma daga mahaifinsa. Ta wace hanya sunan gidansu ya koma hannun jikokin mutanen da aka ɗauko daga Afirka a ɗaure?

Abin da zai fara zuwa wa mutum a rai shi ne haihuwa. Sai dai wannan ƙofa a rufe take. George ya auri Martha a 1759, bazawara mai dukiya wadda ta zo da 'ya'ya biyu daga mijinta na farko, Daniel Parke Custis. Shekara arba'in suna tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Agololin ya riƙe su, ya riƙe jikokin Martha biyu, amma dukansu sunan Custis suka ci gaba da amsawa. Ranar 14 ga Disamba 1799 da ya rasu, bai bar ko mutum ɗaya daga tsatsonsa da zai ɗauki sunan ba.

Kafin a bi sawun inda suna ya tafi, ya kamata a san inda ya fito, kuma a nan ma akwai wani ƙulli. Shi kansa George bai san asalinsa sosai ba. A ƙarshen 1791 wani babban jami'i a Landan mai kula da salsalar manyan gidaje da tamburansu, Sir Isaac Heard, ya rubuto masa yana tambaya. Shugaban ya ba da amsa a 1792, inda ya ce abu ne da bai cika mai da hankali a kai ba. Abin da ya iya tunawa shi ne, tun yana yaro yakan ji ana cewa kakanninsu daga arewacin Ingila suka fito, ko Lancashire, ko Yorkshire, ko ma can gaba. Ya dai san cewa wasu 'yan'uwa biyu, John da Lawrence, su ne suka ƙetaro teku a tsakiyar ƙarni na 17.

Heard ya buɗe littattafansa, ya sami wani gida a ƙauyen Sulgrave da ke Northamptonshire mai 'ya'ya maza biyu, John da Lawrence Washington. Biri ya yi kama da mutum. Aka ɗauka su ne, marubuta suka yi ta kwafar wannan salsala shekara da shekaru. Sai a shekarun 1860 wani Ba'amurke mazaunin Landan, Joseph Lemuel Chester, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya ya rushe ginin. Ya nuna cewa mutanen nan biyu ba su taɓa barin Ingila ba: ɗaya ya sami sarauta ya zauna a garin Thrapston, ɗaya kuma limamin coci ne a ƙauyen Purleigh na ƙasar Essex. Shekarunsu ma sun yi yawa a ce su ne samarin da suka je Virginia. Igiya ta tsinke, aka zauna sama da shekara ashirin ba wanda ya ɗaura ta. A 1889 wani mai binciken, Henry Waters, ya kai ga littafin coci da wasiyyoyi na garin Tring, inda ya sami sunayen 'ya'yan wata mata mai suna Amphillis, matar wani Lawrence Washington. Wannan Lawrence ɗin shi ne limamin Purleigh. Ashe Heard bai ɓata gida ba, tsara ɗaya ya tsallake. Waɗanda suka yi ƙaura 'ya'yan limamin ne, sun ci sunan mahaifinsu da na baffansu.

Daga nan hanya ta miƙe har tushe. A shekarar 1183 babban limamin Kirista na Durham, wanda a lokacin shi ne mai ƙasar yankin, ya sa aka rubuta duk filayensa da abin da kowa ke biya. A cikin wannan littafi akwai wani William na Hertburn, wanda ya ba da ƙauyensa aka musanya masa da wani mai suna Wessyngton, kusa da kogin Wear. Sharaɗin shi ne ya riƙa biyan fam huɗu, kuma in an fita babbar farauta ya zo da karnuka biyu. Da ya koma sabon wurin sai aka daina ce masa na Hertburn, ya zama William na Wessyngton. Baki da alƙalami suka yi ta goge kalmar har ta zama Washington. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan al'ada. Tafawa Ɓalewa gari ne a ƙasar Bauchi kafin ya zama sunan Malam Abubakar, kuma da mutumin ya shahara sai sunan ya sake komawa ƙasa, ya hau kan babban dandali a Legas da jami'a a Bauchi. Tafiyar da Washington ya yi ke nan, sai dai tasa ta fi nisa.

Wani reshe na gidan ya gangara Lancashire. Daga can wani Lawrence ya koma Northampton yana fataucin gashin tumaki, ya yi arziki, ya zama magajin garin har sau biyu. Lokacin da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace kadarorin gidajen ibada na Katolika yana sayarwa, Lawrence ne ya sayi Sulgrave a 1539, ya gina gidan da har yau masu yawon buɗe ido ke ziyarta. A saman ƙofar ya sa aka sassaƙa tambarin gidansu, layuka biyu da taurari uku a bisansu. Wannan zane shi ne tutar birnin Washington tun 1938.

Abin da ya kori sunan daga Ingila kuwa yaƙin basasa ne. Limamin Purleigh, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Oxford, yana bayan Sarki Charles na Ɗaya. A 1643 'yan majalisa suka tsige shi daga cocinsa, suka haɗa masa da zargin zaman gidan giya. Ya rasu cikin talauci. Ɗansa John ya shiga harkar jiragen ruwa, ya zo Virginia a matsayin ma'aikaci a wani ƙaramin jirgin fataucin taba. A farkon 1657, jirgin ya yi lodi zai koma gida, sai ya kafe a kogin Potomac. John ya tsaya aikin ceto jirgin, wani attajiri mai suna Nathaniel Pope ya sauke shi, daga baya ya ba shi 'yarsa Anne da eka 700 na ƙasa. John ya haifi Lawrence, Lawrence ya haifi Augustine, Augustine ya haifi George a 1732.

Akwai abu ɗaya a wannan tarihi da za mu bukata nan gaba, don haka a riƙe shi. Wessyngton ƙaramin ƙauye ne, kuma kusan gida ɗaya ne ya ɗauki sunansa. Ba kamar York ko Lincoln ba, manyan birane da dubban mutanen da ba su haɗa jini ba suka fita daga cikinsu, kowa aka laƙaba masa sunan garin. Washington suna ne mai ƙarancin masu shi tun a Ingila, kuma 'yan kaɗan ne suka kai shi Amurka.

To, sai George ya jagoranci yaƙin neman 'yanci ya yi nasara, ya mulki ƙasar daga 1789 zuwa 1797, ya sauka da kansa. Tun yana raye sunan ya fara fita daga hannun dangi. Wani gari a North Carolina ya ɗauke shi a 1776, yaƙi bai ma ƙare ba, kuma mutanen garin har yau suna alfahari cewa su ne na farko. A watan Satumba na 1791 aka raɗa wa sabon babban birnin ƙasar. A yau jihohi 31 cikin 50 kowace tana da gunduma mai wannan suna. Mazauna can kusurwar arewa maso yamma sun nemi a ba su yanki nasu mai suna Columbia, sai a 1853 wani ɗan majalisa daga Kentucky ya ce za a riƙa rikita shi da gundumar babban birni mai irin wannan suna, ya kawo shawarar Washington. Yankin ya zama jiha a 1889, ita kaɗai ce jihar da ta ci sunan shugaban ƙasa, kuma a cikinta akwai wani ɗan ƙaramin gari da ake kira George. Duwatsu, tafkuna, gadoji, jami'o'i da tituna kuwa ba a magana.

Sunan bai tsaya a iyakar Amurka ba. Wani matuƙin jirgin ruwa, Edmund Fanning, ya raɗa shi ga wani tsibiri a tsakiyar tekun Pasifik a 1798, tsibirin da yanzu ke cikin ƙasar Kiribati da sunan Teraina. Akwai wani yanki na ƙanƙara a arewacin Greenland. A Paris akwai titin Washington da ya ɓulle kan Champs-Élysées, a Warsaw akwai babban shataletale. A Kudancin Amurka, inda masu neman 'yanci daga Sifaniya suka ɗauke shi abin koyi, sai ya zama sunan yanka. Shugaban Brazil daga 1926 zuwa 1930 sunansa Washington Luís. Masu kallon ƙwallo da ba su manta yadda Uruguay ta fitar da Ghana a gasar cin kofin duniya ta 2010 ba, su sani cewa sunan kocin Uruguay na ranar shi ne Óscar Washington Tabárez.

Wannan duka ya bayyana taswira, amma bai bayyana mutane ba. Sai mu koma ga zato na biyu, wanda shi ne kusan kowa ke kawowa: ai bayi sukan ɗauki sunan ubangidansu, saboda haka waɗannan jikokin bayin George ne.

Zaton yana da sauƙin gwadawa, domin George mutum ne mai ajiye lissafi. A 1799, shekarar da ya rasu, ya rubuta jerin bayin da ke gandunsa na Mount Vernon da hannunsa. Su 317 ne. A cikinsu 123 ne nasa na kansa, 153 na gadon mijin Martha na farko ne, waɗanda doka ba ta ba shi ikon sayarwa ko 'yantawa ba, sauran kuma hayarsu ya yi. A wasiyyarsa ya ce a 'yanta nasa bayan rasuwar matarsa. Martha ba ta jira ba, ta sake su ranar 1 ga Janairu 1801. Da ta rasu a 1802, aka raba na gidan Custis tsakanin jikokinta. Da yake ɓangarorin biyu sun daɗe suna auratayya, sai ga miji ɗa, mata baiwa, 'ya'ya an watsa su gida-gida. Duk mai yabon wannan wasiyya ya kamata ya riƙa ambaton wannan rabuwa tare da ita.

Mutum 123 ba za su haifi baƙar fata kusan 147,000 masu wannan suna cikin ƙarni biyu ba. Babbar hujja ma ita ce sunayen nasu. Waɗanda tarihi ya adana sunan zuriyarsu, ba Washington suke amsawa ba. Baran da ya bi George duk tsawon yaƙi William Lee ne. Matar da ta gudu daga gidan shugaban ƙasa a Philadelphia a 1796, ta ƙi dawowa duk da aiken da aka yi ta yi mata, Ona Judge ce. Mai dafa abincin da ya tsere a 1797 Hercules Posey ne, Posey kuwa sunan wanda ya mallake shi tun farko. Akwai Christopher Sheels, akwai Caroline Branham, akwai gidan Quander da gidan Gray. Mutanen nan suna da sunayensu, suna gadar da su ga 'ya'yansu, ko da ubangida bai damu ya rubuta ba.

Mutum ɗaya fitacce daga Mount Vernon da ya tafi da sunan, labarinsa ya isa a tsaya a kai. An haife shi a yankin kogin Gambiya wajen 1740, aka kama shi aka ƙetara da shi, George ya saye shi a 1763. Ana ce masa Harry. Ya yi aikin haƙar magudanai a wata babbar fadama, daga baya ya koma kula da dawakai. Ya gudu a 1771 aka kamo shi. A 1776, shekarar da iyayen gijinsa ke shelar cewa an halicci mutane daidai, ya sake gudu ya hau jiragen yaƙin Ingila, domin Ingilishi sun yi alkawarin 'yanci ga duk bawan da ya bar 'yan tawaye. Ya yi musu aikin soja har ya kai kofur. Da suka sha kashi, suka kwashe shi tare da wasu kimanin 3,000 daga New York zuwa Nova Scotia a Kanada cikin 1783, kuma sunansa yana cikin littafin da suka rubuta na waɗanda aka kwasa. Ƙasar da aka ba su duwatsu ce da sanyi. A 1792 ya bi ayarin mutum kusan 1,200 a jirage 15 zuwa Saliyo, su ne suka kafa Freetown. Ya yi gona. A 1800, kamfanin Ingilishi da ke mulkin wurin ya matsa musu da harajin ƙasa ba tare da ba su ta cewa ba, Harry Washington ya shiga cikin masu tawaye, aka murƙushe su, aka kore shi zuwa gaɓar Bullom a ƙetaren kogi. Abin da ya tayar wa hankali a kai, haraji ba wakilci, shi ne ainihin abin da tsohon ubangidansa ya ɗauki makami a kai.

Sunan gidan ya sake taɓa Afirka ta Yamma ta wata hanya marar daɗi. Wanda ya gaji Mount Vernon ɗan ƙanen George ne, Bushrod Washington, alƙali a kotun ƙoli. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar da aka kafa a 1816 don mai da 'yantattun baƙar fata Afirka, ƙungiyar da ta haifi Laberiya. Tsibirin da tashar jiragen ruwan Monrovia take a kai, har yau Bushrod ake ce masa. Wannan mutum, yana kan wannan kujera, ya sayar da bayi 54 daga Mount Vernon a 1821, aka kora su kudu zuwa Louisiana.

Zato na biyu ya faɗi, amma ya bar wata 'yar ƙofa. George ba shi kaɗai ne Washington mai bayi ba. 'Yan'uwansa da 'ya'yansu da dangi na nesa sun bazu a Virginia da maƙwabtanta, kusan duka da gandaye. Mafi girma shi ne wanda wani Joseph Washington ya kafa a Tennessee bayan ya isa can a 1796. Ya san tarihin gidansu, don haka ya raɗa wa gandun Wessyngton. Zuwa 1860, a hannun ɗansa, gandun yana da bayi 274, kuma babu wanda ya fi shi noman taba a duk Amurka. Wani jikan waɗannan bayi, John Baker, ya ga hoton wasu tsofaffi huɗu a littafin makaranta yana yaro, kakarsa ta gaya masa cewa biyu daga cikinsu kakanninsa ne. Ya shafe shekaru da dama yana bin takardu da hira da dattawa, ya wallafa littafi a 2009. Da yawa daga mutanen Wessyngton sun riƙe sunan Washington bayan 'yanci. Saboda haka wani kaso na amsar yana nan. Amma kaso ne kawai, domin ana samun baƙar fata masu sunan birjik a Louisiana da Mississippi da Georgia da Texas da South Carolina, har a gundumomin da babu wani Bature Washington da ya taɓa mallakar ko kaza.

Mabuɗin yana cikin shekaru biyar, daga 1865 zuwa 1870. A ƙidayar 1850 da ta 1860, ba a rubuta sunan bawa. Ana rubuta sunan mai shi, a ƙasa a jera shekaru da jinsi da launi, kamar lissafin kaya. Yaƙin basasar Amurka tsakanin Arewa da Kudu ya ƙare a 1865, aka haramta bauta, mutum kusan miliyan huɗu suka wayi gari 'ya'ya. Nan take hukuma ta fara tambayarsu cikakken suna: wajen ɗaukar soja, inda kimanin 180,000 suka shiga rundunar Arewa tun ana yaƙi, wajen ɗaura aure a gaban doka, abin da a da aka hana su, wajen sa hannu a yarjejeniyar ƙodago, wajen buɗe ajiya a banki, wajen rajistar zaɓe, wajen sa yaro a makaranta. Ƙidayar 1870 ita ce ta farko da ta rubuta su da sunayensu. Waɗansu suka fito da sunan da gidansu ya daɗe yana riƙe da shi a ɓoye. Waɗansu suka ɗauki na ubangida na ƙarshe, waɗansu na wanda ya mallaki kakansu, don dangin da aka sayar nesa su iya gano su. Waɗansu kuwa suka ce ba za su ƙara amsa sunan wanda ya bautar da su ba, suka zaɓi sabo.

Muna da shaidar yadda irin wannan zaɓi ke faruwa daga bakin wanda ya yi shi. Booker, wanda aka haifa bawa a Virginia a 1856, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1901 cewa ranar da ya fara shiga aji a garin Malden, ya ji malam yana kiran suna, kowane yaro yana da biyu, shi kuwa ɗaya gare shi. Kafin layi ya zo kansa ya yanke shawara, da aka tambaye shi ya ce Booker Washington. Mijin mahaifiyarsa ma sunansa na yanka Washington. Wannan yaro shi ne ya kafa makarantar Tuskegee a 1881, ya zama baƙar fata mafi faɗa a ji a zamaninsa.

Batun mijin uwar nan yana nuna wani abu. Tun kafin 'yanci sunan ya riga ya shiga bakin baƙar fata a matsayin sunan yanka, kamar yadda ya shiga na Turawa. Wanda ya kafa garin Centralia, da ke jihar Washington ta yau, a 1875 baƙar fata ne, ɗan bawa, haifaffen Virginia a 1817, kuma sunansa George Washington. Idan uba sunansa Washington, aka tambayi ɗa sunan gida, amsa a kusa take. Labarin wasiyyar ma ya yaɗu da wuri. Makonni biyu bayan rasuwar George, Richard Allen, wanda ya fanshi kansa daga bauta ya kafa coci a Philadelphia, ya hau mumbari ya yabi 'yantawar, ya kuma yi kira ga sauran masu bayi su yi koyi.

Duk da haka ban yarda cewa godiya ce babban dalili ba, kuma alƙaluman ƙidaya ne suka hana ni. Sunan da ke bin Washington a yawan baƙar fata shi ne Jefferson, kashi 75 cikin ɗari, alhali Thomas Jefferson ya mallaki mutum sama da 600 a rayuwarsa, bai 'yanta ko goma ba. Lincoln kuwa, wanda ya sa hannu a shelar 'yanta bayi a 1863 aka kuma kashe shi a 1865, masu sunansa kimanin 16,000 ne kawai, kuma kashi 14 ne baƙar fata. In da godiya ake bi, da Lincoln ne zai cika Kudu.

A ganina amsar tana cikin halin da 'yantaccen bawa ya sami kansa a 1866. Yana zaune a tsakiyar mutanen da suka sha kashi a yaƙi, suna cike da fushi, kuma a hannunsu gona take, da aiki, da kotu, da bindiga. Ya je neman ƙodago ya ce sunansa Lincoln, ya jawo wa kansa da iyalinsa masifa. Washington kuwa ba mai iya ƙin sa. Arewa tana ganinsa uban ƙasa. Kudu tana ganinsa ɗanta, har gwamnatin 'yan awaren Kudu ta sa hotonsa a kan doki a tsakiyar hatiminta. Suna ne da ya fi kowane girma a ƙasar, kuma ba ya jawo duka. Wanda ya ɗauke shi ya yar da sunan ubangidansa, ya kuma faɗa wa duk mai tambaya cewa shi ɗan wannan ƙasa ne tun daga tushenta, ba tare da ya ba kowa hujjar taɓa shi ba. Ina ganin hikima da ƙarfin zuciya a wannan zaɓi, na mutanen da aka hana karatu amma suka karanci zamaninsu daidai.

Yanzu abin da na ce a riƙe ya zo da amfaninsa. Kashi 90 cikin ɗari ba yawan baƙar fata kaɗai yake nunawa ba, yana nuna ƙarancin Turawa. Baƙar fata masu suna Williams ko Johnson ko Smith sun ninka masu suna Washington sau da yawa, amma waɗancan sunaye akwai Turawa dubun dubata da suka zo da su daga Birtaniya. Lincoln ma yana da babban gida na Turawa a Massachusetts tun shekarun 1630. Washington kuwa gida ɗaya ne daga ƙauye ɗaya. Baƙin da suka yi ta kwarara daga Jamus da Ireland da Italiya sun zo da sunayen kakanninsu, in sun so girmama shugaban sai su sa wa yaro George Washington a gaba, sunan gida yana nan a baya. Waɗanda aka raba da sunayen kakanninsu a bakin tekun Afirka su kaɗai ne ke da gurbin da za a cike. Dubbai suka cike shi da suna guda a lokaci guda, suka hayayyafa tsawon tsara biyar ko shida, ƙaramin gidan Turawan ya nutse a cikinsu.

Sunan da aka zaɓa don kariya, daga baya ya zama alama. A farkon shekarun 2000 wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanonin Boston da Chicago. Ilimi da ƙwarewa iri ɗaya, suna kawai suke sauyawa, wasu irin na Turawa, wasu irin na baƙar fata. Washington yana cikin sunayen zuriyar da suka zaɓa don a gane mai nema baƙi ne. Takardu masu sunan Turawa sun fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma abin takaici ne a ce sunan da ke kan kuɗin ƙasa shi ne ke sa a ture takardar ɗan ƙasa gefe.

Masu sunan dai ba su sauke shi ba. Harold Washington ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe magajin garin Chicago a 1983. Denzel Washington ya ɗauki lambar Oscar sau biyu. A babban birnin kansa, mazauna sun yi kusan shekara ɗari ba su da ikon zaɓen mai mulkinsu, majalisar tarayya da shugaban ƙasa ke naɗa musu. A 1967 Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa wani lauya haifaffen Georgia, tattaɓa-kunnen bawa, ya riƙe birnin. Da aka ba mazauna damar zaɓe a 1974, shi suka zaɓa. Sunansa Walter Washington, kuma ya riƙe kujerar har farkon 1979.